Zuwa ga tsohon Birni, a kan zancen murfin zinariya

Kaka,

Gaisuwa mai yawa daga Hamburg ta ƙasar Jamus, tare da fatan kana lafiya, kai da amaryata da ka riƙe mini shekara da shekaru ba ko sisin haya. Ka gaya mata sadakinta na nan tafe, ta daina sauraron daɗin bakinka.

Saƙonka ya iso. Wai in sayo maka alƙalami mai shan tawada, irin na manyan ma'aikatan da, kuma lalle murfinsa ya zama na zinariya. Ban ji ka tambayi bakinsa ba, ban ji ka tambayi yadda yake gudu a takarda ba. Murfi kawai! Na gane ka, tsoho. So kake ka soka shi a aljihun ƴar ciki ran Juma'a, ka bi ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dogarai su ɗauka sabon gwamna aka naɗa.

To na shiga shaguna dominka, kuma ka zaɓi gari, don a nan Hamburg ake ƙera Montblanc. Babban alƙalaminsu, Meisterstück, tun 1924 ake yin sa. Ka san da me aka yi murfinsa? Baƙar roba ce mai sheƙi, da zobba masu ruwan zinariya, da farin tauraro a ƙoƙuwa wanda ke nufin ƙanƙarar kan dutsen da suka ci sunansa. Kuɗinsa ɗaruruwan Yuro ne masu yawa, kuma Yuro guda dala 131 ne a kuɗinmu na gida. Ka sa almajiranka su buga maka lissafin a ƙasa, amma ka zauna tukuna kafin su faɗa maka.

Zinariyar da kake kwaɗayi kuwa iri-iri ce. Mafi yawa wanki ne kawai, ruwa-ruwa a bisa tagulla, kuma inda babban yatsa ke gogawa nan yake fara koɗewa. Akwai wadda aka shimfiɗa da kauri, irin ta wasu murafan Parker 51 da aka fara sayarwa a 1941. Wannan tana jure hannu, shi ya sa har yau ake samun tsofaffinsu da kyansu. Azurfa tana baƙi in ba a goge ta, kai kuma na san ko tabaraunka sai an goge maka. Tagulla zalla tana da nauyi, tana duhu da gumi, tana bar wa hannu ƙarni. In ka kifa murfi mai nauyi a gindin alƙalami, baya yake rinjaya, kafin ka cika shafi wuyan hannu ya gaji.

Wanda ya tsayar da ni na daɗe ina kallo shi ne na Japan. Ruwan jikin wata itaciya suke tatsa, su shafa, su bari ya bushe, su goge, su sake shafawa, haka har watanni, sannan su barbaɗa garin zinariya su fitar da tsuntsu ko reshe. Da na gan shi sai na tuna masu zayyanar allo na unguwarmu, yadda suke bin layi ɗaya da haƙuri har la'asar. Da an kai ɗayansu Japan, wallahi da ya zauna da masu wannan aikin sun fahimci juna ba tafinta. Sai dai aikin ba ya son rana mai zafi. Haka ma wata tsohuwar baƙar robar alƙalami da ake dafawa da farar wuta: in ta sha rana sai ta koma ruwan ƙasa. Ranar Damagaram a watan bazara kuwa ba sai na ba ka labarinta ba.

Abin da ya kamata ka tambaya tun farko shi ne yadda murfin ke rufewa. Wani turawa ake yi ya ce ƙyas, wani murɗawa ake yi. A cikin kowane nagari akwai wani ƙaramin murfi ɓoye wanda ke kama bakin alƙalamin ya hana iska shiga. In wannan bai kama ba, ko da lu'ulu'u aka yi na wajen, hunturu zai shanye tawadar cikin ƴan kwanaki, ƙura ta shige, ka zo sa hannu a takardar ɗaurin aure ka yi ta karce. Ko bik ɗin da kake rainawa an yi wa murfinsa tunani: hujin nan na samansa an bar shi ne don in yaro ya haɗiye ya samu hanyar numfashi.

Saboda haka na saya maka Pelikan, mai murfin murɗawa, baƙi, mara nauyi, da ɗan maƙalin aljihu mai siffar bakin tsuntsu. Maƙalin da zoben suna da ruwan zinariya, kuma su ne ke leƙowa daga aljihu, don haka dogarai za su ga abin da kake so su gani. Daga kwalba yake shan tawada, ana murɗa gindinsa ya zuƙa, dabarar da kamfanin ke yi tun 1929. Na haɗa maka da kwalba biyu.

Yanzu ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada ka kuskura ka tsoma shi a kurtunka. Tawadar zuge da ƙaro ta alƙalamin kara ce. In ta shiga wannan, ƙaron zai daskare a cikin hanyarsa ya toshe ta. Kada kuma ka ga bakin ya yi maka siriri ka ɗauko aska ka ce za ka fiƙe shi. Kada ka buɗe murfin da haƙoran nan naka guda uku.

Ka aiki yaro wajen dukawa su ɗinka masa kube na jar fatar akuya, mai laushi daga ciki, don tsabar kuɗi da goro kada su kakkarce shi a aljihu. Ka ce su yi biyu, ɗayan nawa ne, mai kawo maka saƙon zai komo da shi. Kuɗin ɗinkin kuma kai za ka biya, a cire cikin hayar amaryata.

Ka gaida Inna da su Baba, da duk mutanen zaure. A sa mu a addu'a.

Jikanka, kuma mai gidan matarka.