Ɗan Dosso, taraktarka ba ta da aljanu

Bawana Ɗan Dosso, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga baransa. Ina gajiya, ina kuma turi? Na ce turi, domin labari ya iso mini cewa kafin in zo ranar Talata, yaran Tokoin Gbadago sun tura 'yar taraktar nan taka daga ƙofar gida har bakin kwalta, kai kuwa kana ƙame bisa kujera da babbar riga kamar Zarmakoi zai fita hawan salla. Ba ta tashi ba, suka sake turo ka gida.

Kada ka ɗaure fuska. Tun 2014 UNESCO ta sa wasan da ke tsakanin ƙabilun Nijar cikin kayan gadon duniya, saboda haka Bagobirin da ya zolayi Bazabarme aikin hukuma yake yi. In kana da ƙara, ofishinsu na Paris.

Bari in tuna maka yadda aka fara, tunda kai ka iya mantuwa in abin kunya ne. Ka je wajen tashar jirgin ruwa neman tayar mota, ka ga wannan tsohuwa an sauke ta daga kwantena tare da firji da katifu, irin kayan da mutanen Lome ke cewa sun zo daga Faransa ko da daga ina suka fito. A ƙasarsu ciyawar tsakar gida take yankewa, ta ja ɗan amalanke. Kai ka ce za ta yi maka noma a lambunka na Baguida, wurin da yashi ne zalla, yaro ma da hannu yake tona shi ya dasa salak. Mai sayarwa ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ka biya ba ko tayi, abin da ban taɓa ganin Bazabarme ya yi ba.

Wata takwas ta yi a lambun, ba rumfa ba leda, tana shaƙar iskar teku dare da rana. Daga nan ta fara hali, har ka dawo da ita gida. Yau ta tashi, gobe ta yi "ƙas" ta yi shiru, jibi ta tashi kamar ba ita ba. In baƙi sun zo kallo, ranar take ƙi. Ka sayi sabon batir, ta yi kwana uku lafiya, ta koma. Ka ce batirin jabu ne, ka sayi na biyu. Wata rana cikin fushi ka ɗirka wa taya ƙafa, ka murɗa, ta tashi. Sai ka yanke hukunci cewa tana da taurin kai irin na Gobirawa, sai da duka. Da dukan ya daina ci, ka hau zemijan, wato babur ɗin haya, tun daga Tokoin har Agoè Zongo, can inda aka mayar da iyayenmu bayan rushe tsohon Zango a 1977, ka ɗauko malami ya zo ya yi mata tofi. Malam ya yi abin da ya sani, ya karɓi sadakarsa, Allah ya saka masa. Ni dai ban ga laifinsa ba, ba a ce ya duba waya ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, ku ne jikokin Mali Bero, wanda kuke ba da labarin ya ɗora jama'arsa kan gindin rumbu ya tashi da su sama har suka sauka ƙasar Zabarma. Ba batir, ba makulli, ba fetur. Yau ga jikansa da inji mai silinda ɗaya ya gagare shi.

To saurara, ka ƙaru. Injin da ya mutu murus ba shi da wahalar sha'ani, wani abu ne ya lalace, a nemo a canza. Mai tashi yau ya ƙi gobe kuwa, galibi babu abin da ya mutu a jikinsa, wani wuri ne wuta ke wucewa da ƙyar, wata rana ta samu hanya, wata rana ta rasa. Kuma injin da kansa yana faɗa maka inda ciwon yake, in za ka rufe baki ka buɗe kunne, abin da na san yana yi wa Bazabarme wuya. In ka murɗa makulli ka ji tsit, ko motsi babu, matsalar tana tsakanin makullin, fis, da ƙananan makullan tsaro. In tana juyawa gir-gir amma ba ta kama ba, wuta ta isa, sai a koma wajen mai da fulogi. Taka kuwa "ƙas" take yi sau ɗaya. Wannan ƙarar sulunaid ce, 'yar na'urar da ke haɗa babbar wayar batir da sitata. Ta amsa kira ke nan, amma wutar da za ta juya inji ba ta iso ba.

Nan ka yi ta musu da ni ranar Talata: ai fitila tana kamawa, ashe wuta lafiya. Fitila ɗan kurɓi take sha, Ɗan Dosso. Sitata kuwa kwankwaɗa take yi, ninkin ba ninkin. Hanyar da akuya ta bi ta wuce, ba lalle raƙumi da kaya ya bi ba.

Sai muka kira yaron nan ɗan koyo daga garejin bayan gidanka, wanda ko gemu bai fara ba. Na ce muka kira, amma ni na ba da umarni, ina zaune ina shan shayinka. Ya ɗora mita kan batir, ta nuna 12.6, wato cike yake taf, har da na farkon da ka ce jabu ne ka jefar bayan ɗaki. Ya ce ka murɗa. Batir bai ko girgiza ba, alhali da sitata tana jan wuta da an ga lambar ta sauka. Yaro bai ce komai ba, ya bi baƙar waya da yatsa daga kan batir har inda aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen tarakta. Wannan ita ce hanyar da wuta ke komawa gida, wadda makanikan nan ke kira mas. Ya taɓa ta, ta yi lakwaf. Ya kwance notin, sai ga tsatsa ja da wani gari fari-kore kamar an barbaɗa kuka. Gishirin tekun Baguida ne da raɓa suka yi wata takwas suna aikinsu.

Ga aljaninka nan. Ranar da ka sa sabon batir, ka jijjiga wayar, ta ɗan kama, shi ya sa ka samu kwana uku. Ranar da ka harbi taya, girgiza ce ta motsa ta. Da ka san haka da ka huta da ciwon yatsa.

Maganin fa? Ya fara cire baƙar waya daga batir kafin ja, don kada sifana ta haɗa wuta. Ya jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ya wanke kawunan batir, ya goge bakin wayar da jikin ƙarfen da samfefa ta dala ashirin har suka yi ƙyalli, ya ɗaure tamau, ya shafe da giris. Ka lissafa kuɗin batir biyu da zemijan da sadakar malam, ka ajiye su gefen dala ashirin, ka gaya mini wane ne ɗan kasuwa tsakaninmu.

Na ga kuma abin da wani gwani ya koya maka, na haɗa ƙafafun sulunaid biyu da sukundireba har tartsatsi ya tashi. Makanike yana yin haka sau ɗaya don gwaji, bayan ya tabbata giya tana firi. Kai ka mayar da shi makulli. Wannan dabarar tana tsallake duk wani tsaro da aka sa wa injin, in tana cikin giya za ta tashi ta bi ta kan ƙafarka. Asibitin Sylvanus Olympio yana nan kusa da kai a Tokoin, amma ba dalili ba ne. Wannan ba wasa nake yi ba, ka bari.

Yanzu ga inda na kusa shaƙewa da shayi. An gyara waya, yaro ya hau, bugu ɗaya ta tashi. Ka ture shi ka hau, ka murɗa, tsit. Ya hau, ta tashi. Ka hau, tsit. Har ka fara waiwayen hanyar Agoè Zongo. Ashe ƙarƙashin kujerar akwai ɗan makulli da Turawa suka sa, wanda sai ya ji nauyin mutum yake ba da hanya, irinsa kuma akwai a birki da wajen sandar wuƙaƙe. Naka ya tsufa, ya yi tauri, sai an danna shi sosai. Yaro ɗan Ewe da ya ƙoshi da akume ya danna. Kai kuwa da aka raina da kopto, ganyen zogale safe da yamma, ga ka cikin shadda yadi goma amma tarakta ta rantse ba kowa a kanta. Injin da aka ƙera a wata duniya ya auna Bazabarme ya ce bai kai mutum ba. Ni ban faɗa ba, ita ta faɗa.

Yaron ya fesa wa makullin mai, ya gyara masa zama, yanzu ko kaza ta hau zai ji. Saura abu guda: ka daina ɗura mata bude, wato fetur na kwalba da ake sayarwa bakin hanya ka bar shi wata biyu a tanki, in ba haka ba kafireta ce za ta biyo baya, ka ce aljanin ya dawo da ƙannensa. Ka kuma yi mata rumfa kafin ruwan Afrilu.

Batirin farko na ɗauke shi, yana cikin motata, ladan shawara ne. Yaron kuwa jaka biyu ka ba shi, na gani, ka cika masa biyar kafin Juma'a. Bayan masallaci zan biyo in duba, kuma a dafa da nama, kada a kawo mini ganye.