Yadda Ake Kama Tsage da Cokali a Kogin Maiurno

Kamun kifi da cokali dabara ce ta yaudarar kifin da ke cin ɗan'uwansa. Turawa suna yin ta a rafukansu masu sanyi don wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ake kira tirawut, wanda zafin Sudan ba zai bar shi ya kwana ba. A kogin Nilul Azraƙ, tsage ne ke tsaye a matsayinsa, kuma ya fi shi haƙora da zafin rai.

Abu na farko shi ne samun cokalin. Akwai na kanti, amma masuncin Maiurno, garin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin wannan kogi bayan yaƙin Burmi na 1903, ya gaji hijira da iya maneji, don haka madafa ake nufa. Cokalin shayi ya fi dacewa. A Sudan kuwa uwargida ta san adadin cokulanta kamar yadda ta san adadin 'ya'yanta, saboda haka ana neman izini tukuna, a yi alkawarin kifi, a kuma cika. Sai a yanke mariƙin, a huda tafin gaba da baya, a sa ƙugiya mai baki uku a gefe guda, a sa ɗan ƙarfe mai juyawa a ɗaya gefen don kada zare ya murɗe. A goge shi da toka har ya riƙa ƙyalli.

Tsakanin cokali da zare dole a sa waya, tsawon taƙi ɗaya. Haƙoran tsage suna datse zaren roba nan take, kuma wanda ya yi rowar waya zai koma gida ba kifi, ba cokali, ga tambayoyi suna jiransa a tsakar gida.

Lokaci ma abin lura ne. Daga Yuli zuwa Satumba kogin yana sauko da lakar tsaunukan Habasha, ruwa ya yi ja, ko tire aka jefa kifi ba zai gani ba. Bayan damina, idan ruwa ya washe, sai a fita da sanyin safiya ko bayan la'asar. Wuri mafi kyau shi ne inda ruwa ke gudu da ƙarfi, irin na ƙasan madatsar Sennar da aka kammala a 1925, ko ta Rusairis kusa da Damazin, wadda aka gama a 1966. Inda masu gadi suka ce kada a wuce, ba a wucewa, ko tsage na tsalle yana kiran sunan mutum.

Tsage ba ya zama a tsakiyar igiyar ruwa yana wahalar da kansa. Yana laɓewa ne a bayan dutse, daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, yana jiran ƙananan kifayen da ruwa ya galabaitar. Masunci yakan jefa cokali ya tsallake wurin, ya ɗan karkata sama, ya bar ruwa ya kawo shi, yana naɗe zare a hankali a jikin gwangwani ko sanda. Abin da ake so shi ne cokali ya riƙa layi, irin tafiyar kifin da ya ji ciwo. Idan an yi gaggawa zai yi ta juyi a banza, idan an yi sanyi zai maƙale a dutse, kuma shiga ruwa ciro shi sai an tabbatar kada ba ya kusa.

Cafkar tsage ba ta da sallama. Yana fizga, ya yi sama, ya girgiza kai, sau da yawa ya tofar da ƙugiya, domin bakinsa ƙashi ne. Maganin wannan shi ne kaifafa ƙugiya tun daga gida da hana zare yin sako-sako. In ya fito, da filaya ake cire ƙugiyar, yatsa yana da sauran amfani. Wani lokaci giwan ruwa ce ke kamawa, a nan sai a kira maƙwabta.

Tsage yana da ƙaya sosai, shi ya sa ake tsattsaga shi kafin suya, ko a zuba masa gishiri a yi fasik. Kifin da ya kuɓuce kuma, an yarda a majalisa a nuna tsawonsa har gwiwar hannu. Ya wuce nan, Sarkin Ruwa yakan nemi shaidu biyu.