Kowa da Irin Takunkuminsa

GRA ta Bauchi ba ta rabo da ƙarar guduma a 'yan shekarun nan. Ana kwashe rufin tsofaffin gidajen ma'aikatan gwamnati, ana kafa bene inda a da darbejiya ke ba da inuwa. Duk inda ake rusau kuwa akwai ƙura, akwai fenti, akwai tsohuwar shadda da ba a taɓa yashewa ba. Ƙa'idar masana ba ta da wuya: ka fara sanin abin da zai cuce ka, sannan ka nemi abin da zai tare shi. Mutanenmu dai kowa halinsa ne ke zaɓa masa.

Ga Yallaɓai mai farar hula. Ba ya leƙo wurin aiki sai ranar ɗaukar hoto. Direba ya miƙo hular kwano fara sol, a ɗora ta bisa zanna-bukar, ta zauna can sama kamar faifai a bakin ƙwarya. Daga wuya zuwa ƙasa babbar riga ce da buɗaɗɗen takalmi, a filin da ƙusa ta fi tsakuwa yawa. An gama hoto, hula ta koma bayan gilashin mota, rana ta yi ta gasa ta har robar ta mutu. Ranar da bulo zai faɗo, zanna-bukar ɗin ce za ta yi abin da za ta iya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Baba Mun-Saba. Tsohon birkila ne, gwani, ba a ja masa a kan aiki. Ka miƙa masa takunkumi ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Yaro, tun kafin a yaye ka nake shan ƙura, ga ni daram." Sai ya naɗe hanci da tsohon rawani, ya hau silin da guduma. Matsalar ita ce da yawa daga rufi da silin na irin waɗannan gidaje asbestos ne, har kamfaninsa an yi a garin nan. In yana zaune lafiya bai cika damun kowa ba. In aka fasa shi, sai ya saki zaruruwan da ido ba ya gani, su ratsa rawani, su maƙale a huhu. Cutar takan yi shekara 20 zuwa 40 kafin ta ce ga ni, shi ya sa Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Aikinsa jiƙawa ake yi da ruwa, a kwance shi falle-falle ba tare da an fasa ba, da takunkumi mai matatar P3 a fuska. Baba ya wuce saba'in, wataƙila ya riga cutar tafiya. Yaron ɗan shekara sha takwas da ke share masa tarkacen a ƙasa shi ne zai jira ta.

Sai Mai Madara. Fenti yake fesawa ko maganin ƙwari, sau da yawa Sniper ko ota-fiya-fiya, da singileti da silifas, ƙofa a rufe don kada iska ta ɓata masa aiki. A lissafin kuɗinsa ba za ka ga takunkumi ba, amma za ka ga gwangwanin madara biyu. "Oga, ita ce ke wanke gubar." Gubar ta bi ta huhu da fata ta shiga jini, madarar ta tafi ciki, ko gaisawa ba su yi ba. Abin da ya kamace shi takunkumi ne mai gwangwanin gawayi da ke tsotse tururin sinadari, da safar hannu ta roba irin ta naitiril. Ta auduga jiƙewa take ta riƙe maganin a jikin fata. Ƙaninsa mai walda ne, da baƙin tabarau na 'yan gayu. Da rana sarki, da tsakar dare kuka yake wai an zuba masa yashi a ido.

Akwai kuma wanda ya gaji takunkumi ɗaya daga Korona. Tun 2020 yake tare da shi, shuɗin ya koma ruwan ƙasa, kuma a wurinsa maganin komai ne: siminti, hayaƙin janareta, har shiga shadda. A nan dariya take tsayawa. Iskar da ke taruwa a rufaffen rami warin ruɓaɓɓen ƙwai gare ta, amma in ta yi yawa hanci ne yake fara mutuwa, mutum ya ce ai warin ya tafi. Ko N95, mai tare kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin ƙura, ba ya tare gas, ba ya kuma ƙara iskar shaƙa inda babu. Rami irin wannan mota mai zuƙa ake kira masa. In dole sai an shiga, a buɗe ya sha iska, a auna, a ɗaura wa mai shiga igiya. Sau nawa muka ji ɗaya ya faɗi, na biyu ya bi shi ceto, aka fito da gawa biyu?

Mai sito shi ma gwani ne a nasa fannin. An sayo takalman kariya guda ashirin, duk lamba 45, ya kulle su don kada su tsufa. "Malam, in na ba ka, me zan nuna wa masu bincike?"

Kishiyarsu duka shi ne Ɗan Sama Jannati. Ya samo farar rigar nan mai rufe mutum ruf, irin ta masu jinyar zazzaɓin Lassa a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, ya sa ta don kwashe shara a tsohon ɗakin ajiya. Ba na yi masa dariya sosai, don Bauchi tana cikin jihohin da Lassa ta fi addaba, kuma kashin ɓera ne hanyarta. Sai dai watan Afrilu ne. Kafin azahar ya zuge zif har cibiya, takunkumi ya sauko haɓa. Da aka tashi ya tuɓe rigar da hannu tsirara, ya kakkaɓe ta a iska, ya ninke ya sa a jakar da burodinsa yake, ya nufi gida wurin yara. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, kuma ba su ne ke shiga ramin zinare ba. Duwatsun aka kawo cikin gida ana niƙawa.

Wani lokaci akan sami yaro ɗaya, galibi wanda ya ɗan taɓa makarantar koyon sana'a, da ke tambaya kafin ya fara: mene ne a ramin, rufin na mene ne? Yana sa takunkumin da ya dace, yana wanke hannu kafin ya ci abinci, yana barin kayan aiki a wurin aiki. Sauran leburori Likita suke ce masa, ba kuma don yabo ba. Ɗan kwangila ma ba ya son sa, wai tambayarsa tana cin lokaci. Amma da Yallaɓai ya aiko cewa gobe zai zo da baƙi, Likita ake cewa ya tsaya a gaba, a kuma ari tabaransa a ba Baba Mun-Saba har a gama hoto.