Gaishe Ka Hearst, Maharbin da Ya Fi Annie Oakley

Ranka ya daɗe William Randolph Hearst, sarkin jaridun Amurka, maharbin da ba ya buƙatar bindiga! Annie Oakley, gwanar harbi, sai ta saita, ta riƙe numfashi, kafin harsashinta ya raba katin karta ta gefensa daga nisan taku 30. Kai kuwa da kanun labari ɗaya ka kayar da ita.

A watan Agustan 1903 jaridunka biyu na Shikago suka buga cewa an kama ta ta saci wandon wani mutum don ta sayi hodar iblis. Madalla da wannan himma! Ina ruwan gwani da bincike? Ƙaramin ɗan jarida ne zai ɓata lokaci ya gano cewa wata 'yar rawa ce ta ari sunan, Annie kuwa tana can New Jersey, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Kafin gaskiya ta fito, jaridun ƙasar sun kwafa sun yaɗa.

Kuma ka iya zaɓen abin harbi. Marainiya ce daga Ohio, wadda aka tura aikatau tana yarinya, masu gidan suka gana mata azaba har ta riƙa kiransu kyarketai. Ta ɗauki tsohuwar bindigar mahaifinta tana harbo tsuntsaye da zomaye tana sayarwa, tana shekara 15 ta biya bashin da ke kan gonar uwarta. A 1885 ta shiga wasan nuna gwaninta na Buffalo Bill, a 1887 ta yi harbi a gaban Sarauniya Victoria, a 1901 haɗarin jirgin ƙasa ya ji mata ciwo a baya. Baiwar Allah, sunanta mai tsabta ne jarinta, kai kuma shi ka saita. Wannan jarunta sai kai!

Da ta kai ƙara, ka nuna dattako: ka tura ɗan leƙen asiri garinsu ya tono mata abin kunya. Ya dawo hannu rabbana.

Ƙara 55 ta shigar, 54 ta ci ko aka sasanta da ita. Shekara shida tana zaryar kotuna, kuma diyyar da ta karɓa ba ta kai abin da shari'ar ta ci mata ba. Allah wadaran wannan gwaninta, Hearst.