Wai Lambar MAC Ce Za Ta Kamo Ɓarawon Wayarku?

To, masu gardama, ku matso kusa. Ku ne a majalisa kuke rantsuwa cewa da lambar MAC kaɗai za a bi sawun ɓarawon waya har ƙofar gidansu. Sannunku da ƙoƙari, injiniyoyin gindin bishiya!

Duk na'urar da ke hawa Wi-Fi ko ake soka mata kebul ɗin intanet tana da lambar MAC da aka buga mata tun a masana'anta. Alamomi 12 ne a cikinta, alƙaluma 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F, an jera su biyu-biyu. Shida na farko na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke raba su. Sauran shidan kamfanin ne ke zaɓa. Tsarin ya fito daga fasahar Ethernet da aka ƙirƙira a kamfanin Xerox na Amurka a shekarun 1970, lokacin da wasunku ko rarrafe ba su fara ba. Lambobin da za a iya fitarwa sun haura tiriliyan 281, saboda haka Alhaji ka kwantar da hankalinka, ba a kanka za su ƙare ba.

Ga inda gardamarku ta karye. Lambar MAC sunan cikin gida ce, ba ta wuce zaure. Rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida ko ofis, da ita take gane wayar wane ce ta aiko saƙo. Da saƙon zai fita, sai ta cire lambar. Abin da ke isa Facebook adireshin IP ne.

"To wace lamba kamfanin layi ke gani?" Yawwa, Malam, yau ka yi tambayar arziki. IMEI ce, alƙaluma 15. Danna *#06# ka gani.

Sai kuma Hajiya da ke bugun ƙirji wai ta kulle Wi-Fi ɗinta da jerin lambobin MAC, ba mai shiga sai wanda ta rubuta. Ranki ya daɗe, lambar nan a buɗe take yawo cikin iska, yaron maƙwabta mai ɗan wayo zai kwafe ta ya liƙa wa kwamfutarsa. Ƙari a kan haka, wayoyin yanzu da kansu suke ƙirƙirar lambar bogi ga kowane Wi-Fi da suka hau: Android 10 tun 2019, iPhone kuma daga iOS 14 a 2020. Wannan baƙuwar wayar da kika gani a jeri kika tada jijiyar wuya, bincika da kyau, wataƙila ta maigida ce.

Ku rubuta IMEI ɗinku a takarda ku adana tun kafin a yi muku ta'asa. Wi-Fi kuwa ku sa masa doguwar kalmar sirri. Kuma don Allah, ban da 12345678, ban da lambar wayarku.