Baƙin fadar Topkapi, kowa da halinsa

Lokacin da sarakunan Usmaniyya ke zaune a fadar Topkapi ta Santambul, shiru doka ne, har kurame ake ajiyewa masu hidima da nuni. Tun da aka mai da ita gidan tarihi a 1924, kowa ya sayi tikiti sai ya shiga da bakinsa da halinsa.

Wanda ya fi yawan surutu shi ne ɗan kallon fim. Ya haddace fim ɗin Ertugrul kashi-kashi, saboda haka tun daga ƙofar farko yake tambayar ina ɗakin jarumin yake. Jagora ya yi masa bayani a hankali: Ertugrul ya rasu kusan shekara ɗari biyu kafin Sultan Muhammad al-Fatih, wanda ya ci birnin a 1453, ya gina wannan fada. Mutumin ya gyaɗa kai, amma ka san fim ya fi yarda da shi.

Akwai kuma Hajiya 'yar kasuwa, wadda na fi jin daɗin bi a baya. Sarin abaya da labule ya kawo ta unguwar Laleli, ɗiyarta ce ta jawo ta nan da kyar. Ba ta ganin tarihi, farashi take gani. A madafar fada, inda aka jera wasu daga cikin tangaran ɗin Sin fiye da dubu goma, lissafi take yi na amare nawa za a yi wa jere. Da aka kai ta gaban lu'ulu'un nan mai nauyin karat 86, aka ba ta labarin da ake yaɗawa, wai wani ne ya tsince shi a juji ya musanya shi da cokula uku, sai ta tafa hannu ta yi salati. Har aka fita tana jimamin asarar mutumin, kai ka ce ƙanenta ne. Wuƙar nan mai zumurrudu uku, da aka ƙera don Nadir Shah na Farisa amma aka kashe shi a 1747 kafin ta isa gare shi, tambaya ɗaya ta yi a kanta: to, an biya maƙerin?

Mai hoto bai ga fadar ba, fadar ce ta ga ƙeyarsa.

Malam Na-sani shi kuma ya karanta shafi biyu a jirgi. Jagora na nuna tagar nan mai raga da ke saman zauren majalisa, inda Sultan kan zauna a ɓoye yana sauraren waziransa, shi kuwa yana ta gyara masa zance. Abin haushin, wani lokaci yana da gaskiya. In ɗan Barno ne, ba za ka tsira ba sai ka ji cewa Mai Idris Alauma ya aiko da jakadu wurin Sultan Murad na uku.

Wani tun daga gida ɓangaren mata ya sa a ransa, yana murmushin da bai kamata ba. Ya shiga ya tarar da lunguna masu duhu, bango duk tayil, ɗakuna sama da ɗari uku waɗanda kaɗan ne a buɗe, sannan aka gaya masa mai faɗa a ji a nan ita ce uwar Sultan. Ashe gidan suruka ya biya kuɗi ya gani.

Mutum ɗaya ne ba na yi wa dariya. Dattijon da ya isa ɗakin da aka adana mayafin Annabi (SAW) da takubba, kayan da suka zo bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin dare da rana. Yana tsaye hawaye na zuba, layi ya cunkushe a bayansa, ma'aikaci na roƙon a matsa gaba, mai hoto kuma na neman kusurwar da zai saci ɗauka ba a gan shi ba.

Sai wanda ya yi shiri tsaf, ya sha shayi, ya hau tarago har tashar Sultanahmet da ke kusa da fadar, ya tarar da ƙofa a garƙame. Talata ce, ranar da ba a buɗewa. Shi ne zai koma gida ya fi kowa ba da labarin cikin fadar.