Bayani Kan Yadda Pau Mai Kifi Ya Ƙi Karɓar Umarni

Pau, wanda Sinawa ke kira bawzi, dunƙulen burodi ne da ake cusa wa haɗi a ciki, a turara shi maimakon a gasa, kuma almarar Sin tana jingina asalinsa ga Zhuge Liang, masanin dabarun yaƙi da ya rasu a shekarar 234 Miladiyya. 'Yan ci-ranin Sin ne suka kai shi Malesiya, inda Malayawa, da yake Musulmi ne, suka kawar da naman alade suka sa kaza ko jan wake ko sambal ikan bilis, wato miyar barkono da ake soyawa da albasa da tsamiya da wasu busassun kifaye da ba su kai ɗan yatsa tsawo ba. Wannan na ƙarshe shi marubucin bayanin nan ya ƙudurta yi da hannunsa a zamanin da yake karatu a Kwala Lamfur, hujjarsa kuwa ita ce ya sha ganin ana yin alkubus a gidansu, kuma a ganinsa pau ba komai ba ne illa alkubus da ya haɗiye miyarsa.

Yis, wanda shi ke tayar da kwaɓi, halitta ce mai rai da ke cin sukari tana fitar da iska, tana son ruwa mai ɗumin jikin mutum, tana kuma mutuwa idan zafi ya kai digiri 60. Marubucin ya yi lissafin cewa abin da ruwan ɗumi zai tayar cikin awa guda, tafasasshe zai tayar cikin rubu'in awa, saboda haka ya juye masa buta daga kan wuta, ya zauna jiran gawa ta motsa har la'asar. Kwaɓi na biyu ya tashi, sai dai mai shi ya kwanta, zafin garin kuma bai kwanta ba, ta yadda kafin a farka ya ture murfi ya leƙo yana tsami.

Haɗin cikin ya fi biyayya, amma maƙwabta ne suka biya kuɗinsa. Galibi ba a yin wannan sambal sai da belacan, wani curin jatan lande da aka bari ya ruɓa da gishiri, wanda matsayinsa a girkin Malayawa shi ne matsayin daddawa a miyar kuka, kuma ƙa'ida ce a gasa shi a buɗe taga. Marubucin ya cika rabin farko na ƙa'idar. Da markaɗaɗɗen barkono ya faɗa mai kuwa, abokin zamansa ya fice da littattafansa yana atishawa, ba tare da sallama ba. Ana so a soya miyar har mai ya taso, ta tsane, ta huce, kafin a naɗe. An naɗe ta da ruwanta da zafinta. Shahararren gidan Goubuli na birnin Tianjin yana yi wa kowane dunƙule ninki 18, alhali na marubucin ba su wuce huɗu ba, an kuma murɗe bakinsu kamar ƙullin gishirin naira goma.

Sinawa suna turara pau a madambacin gora, domin gora tana shanye raɓar tururi, ba ta bari ta ɗiga a kan burodin, kuma bayan kimanin minti 12 ana kashe wuta a jira minti biyar, saboda iska mai sanyi tana sa shi ya saki farat ɗaya. A nan kuwa an yi amfani da tukunyar ƙarfe da matsamin taliya, aka kuma buɗe murfin sau uku domin a duba lafiyarsu. Guda goma aka jera, guda ɗaya aka sauke, domin sun haɗa kai sun zama faifai mai yamutsattsiyar fuska, jan mai na tsattsafowa ta kowace kafa.

An yashe sambal ɗin da cokali aka ci da shinkafa kwana uku, kuma adalci ya wajabta a ce ya yi daɗi. Ɓawon kuwa an kai wa kyanwar da ke kwana a gindin benen, wadda ta shinshina, ta dubi marubucin na ɗan lokaci, sannan ta koma ƙarƙashin mota.